Daga tafin raƙumi zuwa tayar kabu-kabu: tarihin roba a rairayin Tasawa da Mayahi

Yau mun ɗan ajiye tarihin sarakuna da na kasuwanni, za mu taɓo wani abu da kowa ke hawa kullum amma ba a cika dubansa ba sai ran da ya fashe. Taya nake nufi, musamman tayar babur.

Kada wani ya ce maganar ta yi ƙanƙanta. A ƙauyukan Urafan, Korgom, Kanambakashe ko Gidan Amumun, babur shi ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa, shi ke kai amarya, shi ke kai malamin lakwal bakin aikinsa. Mace mai naƙuda da za a kai likita cikin dare, a bayan babur ake ɗora ta. Kuma duk girman babur ɗin, wurin da kowace ƙafa tasa ke taɓa ƙasa bai kai faɗin tafin hannu ba. Birki da kwana da ran mutum biyu ko uku, duka a kan ɗan wurin nan suke.

Matsalar ƙasarmu da abin hawa tsohuwa ce, kuma sunanta rairayi. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Tasawa tare da ayarin gishiri na Abzinawa, ya tarar da gari mai kasuwa a kan hanyar da ta haɗa Abzin da Katsina da Kano. Kayan wannan hanya raƙumi ke ɗaukarsu, da jaki da takarkari. Ku dubi tafin raƙumi: faffaɗa ne, mai taushi, in ya taka sai ya baje, nauyi ya rabu a kan wuri mai faɗi, ƙafa ba ta nutsewa. Ku riƙe wannan a ranku, don za mu sake haɗuwa da shi.

A ƙarshen shekarar 1924 mutanen Tasawa suka ga wani ayari irin wanda ba su saba gani ba. Kamfanin motoci na Citroën a Faransa ya shirya tahiyar ratsa Afirka da motoci takwas, ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Sun taso daga Colomb-Béchar ta Aljeriya ran 28 ga Oktoba, suka keta Sahara, suka biyo ta Yamai, suka yada zango a Tasawa zamanin Sarki Barmu, kafin su wuce Damagaram da tabkin Cadi. Akwai mai ɗaukar silima a cikinsu, Léon Poirier, kuma fadar Barmu ta fito a fim ɗin da aka nuna a 1926 mai suna La Croisière noire. Masu tarihi sun fi maida hankali ga fadar da yadda Turawan suka nuna mu. Ni abin da ya ja hankalina ƙafafun motocin ne. Gaba tayoyi ne kamar na kowace mota, amma baya ba taya ba ce: wata doguwar ɗamara ce ta roba da ke zagaya ƙananan ƙafafu, ƙirar wani injiniya mai suna Adolphe Kégresse. Injiniyoyin sun san cewa siririyar tayar da ke gudu a titunan Paris, in ta shigo jigawa za ta tona ma kanta rami. Sai suka shimfiɗa nauyin motar a kan wuri mai faɗi. Wato dai abin da raƙumi ya zo da shi tun halitta, shi suka samar da roba da ƙarfe.

To ita robar daga ina? Danƙo ne na itace, kuma da farko ba ya da amfani sosai, don in zafi ya yi sai ya narke ya yi yauƙi, in sanyi ya yi sai ya sandare. Wani Ba'amurke, Charles Goodyear, shi ya gano a 1839 cewa in aka dafa danƙon da farar wuta sai ya tsaya da ƙarfinsa. Mai facin da ke gasa maka faci da wuta a bakin tasha, jikan wannan dabara yake yi ko bai sani ba. A 1888 wani likitan dabbobi a garin Belfast, John Boyd Dunlop, ya naɗa ma keken ɗansa tiyo mai iska don ya rage masa jijjiga. A 1891 ƴan uwa biyu na gidan Michelin a Clermont-Ferrand suka fito da tayar da ake iya cirewa a yi mata faci a mayar, kuma a shekarar nan mai keken da ya ci tseren Paris zuwa Brest da dawowa, Charles Terront, ita ya hau.

Daga nan duniya ta haukace da neman danƙo, kuma Afirka ta biya kuɗin da jini. A Kwango ta Sarki Leopold na biyu na Beljiyam, ana ɗora ma ƙauye adadin danƙon da zai kawo daga daji, in bai cika ba a ƙone gari, a kama mata, a yanke hannuwa, har sai da surutun duniya ya sa aka karɓe ƙasar daga hannunsa a 1908. A 1926 kamfanin Firestone na Amurka ya karɓi hayar fili mai girman eka miliyan ɗaya a Laberiya na tsawon shekara 99 don shuka itacen roba. Danƙo na fita daga nahiyarmu ɗanye, ya dawo mana taya, an auna ta da titunan wasu.

A nan gida, gyaɗa ce ta cika hanyoyinmu da taya. Kamyo-kamyon da ke kwasar buhuna daga kasuwannin kaka, tun zamanin kantunan Turawa har zuwa SONARA da aka kafa a 1962, su suka kawo mana direba da kanikanci da mai faci. Manomin da gyaɗa ta yi ma kyau ya sayi keke Raleigh daga Kano. Ma'aikaci ya hau mobilet, daga baya ƙananan Yamaha da Honda suka shigo. Babur a lokacin kayan mushe ne da ɗan kasuwa, ana iya ƙirga masu shi a unguwa.

Abu biyu suka juya lamarin. Na farko, karyewar darajar sefa a Janairun 1994, da aka raba ta biyu a dare ɗaya: duk abin da ke zuwa daga Faransa ko Japan ya ninka kuɗi. Na biyu, baburan China da suka malalo Afirka ta Yamma daga wajajen shekarar 2000, irin su Jincheng, Kasea da Haojue, sannan na Indiya, Bajaj da TVS, suka biyo baya. Da yawan na China an kwaikwayi ƙirarsu ne daga Honda CG125, wanda Japanawa suka fito da shi a 1975 musamman don ƙasashen da ba a kai babur gareji a kan lokaci. Ga araha, ga man Najeriya mai sauƙi a kwalba bakin hanya. Saurayin da ya dawo daga cirani ya sayi ɗaya ya shiga kabu-kabu, Alhaji ya sayi biyar ya ba yara suna kawo balas.

Wani abin takaici ya faru daidai lokacin da baburan ke ƙaruwa. Maƙwabciyarmu Najeriya tana da manyan masana'antun taya biyu tun shekarun 1960: Michelin a Fatakwal, Dunlop a Ikeja ta Legas. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta daina ƙera taya a 2008, saboda rashin wutar lantarki da kuma rage kuɗin kwastan da ya buɗe ƙofa ga tayoyin waje masu araha. Su dai sun fi ƙarfi wajen tayar mota da kamyo, amma rufewarsu ta nuna inda iska ta kaɗa. Yau tayar da ke rataye a shagon kayan babur a Tasawa ko Mayahi, daga Asiya ta taso: China, Indiya, Taiwan, Tailan. Ta sauka a tashar jirgin ruwa, ta kwana a sito, ta hau kamyo, ta biyo ta Kano da Katsina ko ta Maraɗi. A cikinsu akwai na ƙwarai, na kamfanoni masu suna irin su CST da Kenda na Taiwan ko MRF da CEAT na Indiya. Akwai kuma waɗanda sunansu ma an rubuta shi ne don ya yi kama da na wani. Kuma duk sa'ad da iyaka ta rufe, kamar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ko bayan takunkumin CEDEAO na 2023, mai babur a Isawan ko Bawdeta shi ke ji a aljihunsa. In kaya suka yi wuya, abin da ya daɗe a sito shi ke fitowa, kuma mai saye ba ya da ta cewa.

A Turai, masu manyan baburan doguwar tahiya suna iya kwana suna gardama a kan taya. Tasu faffaɗa ce, ta baya takan kai milimita 180, ba ta da tub a ciki, tsakiyarta roba mai tauri don ta jure dogon titi, gefenta mai taushi don ta kama kwalta in an kwanta a kwana. Tayar nan tana da tsada, amma ka kawo ta hanyar Atantane cikin watan Afrilu ka ga yadda za ta yi ta wutsil-wutsil kamar kifi a tudu. Turawan da kansu sun koyi haka a ƙasarmu. Tseren Paris–Dakar na farko, wanda ya tashi ran 26 ga Disamba 1978, ya ratsa ta Agadas da Yamai, kuma Cyril Neveu ya ci shi a kan Yamaha XT500 mai siraran ƙafafu masu haƙora. Yawan facin da ƴan tseren ke sha a hamada ne ya sa daga baya Michelin ta ƙera wani soso da ake cusawa cikin taya a madadin iska. Kowace taya da hanyar da aka yi ta dominta. Tamu hanyar kuwa kala uku ce a tahiya guda: gudron na babbar hanya da ta taso daga Gazawa ta ratsa Tasawa ta wuce Maijirgi, jar laterit mai kwarkwaɗa, sai rairayin jigawa da na kwarin Gulbin Kaba, ga ƙayar aduwa da ta farar ƙaya a shimfiɗe. Babu injiniyan da ya zauna ya zana taya don wanga haɗi. Saboda haka aikin zaɓe ya dawo kan mai saye, kuma abin da zai taimake shi a rubuce yake a jikin tayar.

Mu ɗauki tayar baya ta irin baburan da suka fi yawa a nan. Za ka ga an rubuta 3.00-18, ko 3.00-17 a wasu kamar Boxer. Lambar farko faɗin taya ce da inci, inci ɗaya kuwa santimita biyu da rabi ne da ɗan ɗoriya. Ta biyu girman ƙarfen ƙafa ne, janti. Wannan kowa ya sani, don 17 ba ta shiga 18 ko da rantsuwa. Abin da ba a cika dubawa ba shi ne ɗan rubutun da ke biye, kamar 47P ko 52P. Lambar nan nauyin da tayar za ta iya ɗauka ce: 42 kilo 150, 47 kilo 175, 52 kilo 200. Harafin kuma iyakar gudu ne, P kilomita 150 a awa, L 120, wanda mu bai dame mu ba sosai. Nauyin shi ne namu.

Ku zo mu yi lissafi tare. Babur da mansa ya haura kilo 100. Matuƙi, a ce 65. Ranar kasuwa an ɗora buhun hatsi mai tiya arba'in, kilo 100 kenan, mai hatsin kuma ya haye bisa. An doshi kilo 330 ko fiye, kuma kaso mafi yawa a kan ƙafar baya yake, don can kaya da fasinja suke zaune. Tayar da aka rubuta ma 175 tana ɗauke da abin da ya wuce ƙarfinta tun kafin a bar bakin kasuwa. In buhu biyu ne kuwa, ai sai addu'a. Shi ya sa ɗan kabu-kabu mai ɗaukar kaya ya kamata ya nemi mai lamba 52, ko wadda aka rubuta ma 6PR ko 8PR a madadin 4PR. Wannan PR ɗin ma tarihi ne: a da da zaren auduga ake saƙa cikin taya, falle bisa falle, ana ƙirga su. Yau zaren nailan ne, fallayen ba su kai haka ba, amma an riƙe lambar don nuna ƙarfi. Taya mai PR da yawa ta fi tauri, ta fi jijjiga mutum a laterit, amma ta fi jure kaya da ƙaya. A ganina, ga wanda babur ne gonarsa, jijjigar ta fi sauƙi a kan turin babur kilomita goma da rana tsaka.

Sai shekaru. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma zafi irin namu, da ke haura digiri 40 a bazara, yana gaggauta tsufan. Tun daga shekarar 2000 tayoyin da aka yi bisa ƙa'ida suna ɗauke da lamba huɗu a cikin ɗan zagaye a gefe, galibi a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a sati na 23 na 2019. Manyan kamfanoni na cewa in taya ta kai shekara biyar a riƙa duba ta da kyau, in ta kai goma a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba. Wannan lissafin ƙasashe masu sanyi ne. Tayar da ta shekara rataye a ƙofar shago rana na dukanta, ledarta na sheƙi amma robar ta bushe. Ka ce a kware ledar. Ka lanƙwasa gefen da hannu, in ka ga ƙananan tsage-tsage kamar fason ƙafa lokacin hunturu, mayar masa da abinsa. In babu lambar shekara sam, wanda ya ƙera ta bai so a tambaye shi ba ne. Tayar okaziyo kuwa, wadda aka ciro daga wani babur, ba ka san ramin da ta faɗa ba, kuma zaren da ya tsinke a ciki ba ya nunawa a waje sai ran da ta kumbura.

Maganar zane kuma ta danganta da inda kake kwana. Wanda aikinsa cikin garin Tasawa ne da kan gudron, mai ƙananan zane ta fi masa: ta fi kama kwalta, ba ta kuka, ba ta saurin cinyewa. Wanda kullum yana tsakanin Mayahi da ƙauyuka, mai manyan haƙora a baya za ta fi tura shi cikin rairayi da lakar damina, sai dai in ya hau gudron ya sani haƙoran na saurin gugewa, kuma birki ba ya kamawa kamar yadda ya saba, balle an yi yayyafi. Ta gaba da ta baya ba aikinsu ɗaya ba. Ta baya turi take da ɗaukar kaya, ta gaba ita ke riƙe hanya, kuma ita ke ɗaukar mafi yawan birki. Mutane da yawa sukan canza ta baya sau biyu ko uku suna barin ta gaba wai ba ta suɗe ba, alhali in ta baya ta zame ana iya tare babur, in ta gaba ta zame sai dai a tsinci mutum a ƙasa. Akwai kuma ɗan kibiya a gefen wasu tayoyin da ke nuna inda za su juya. Ka tsaya a kan yaron mai faci lokacin da yake ɗaurawa, don in ya juya ta baibai zanen ba zai kori ruwa yadda aka tsara ba.

Samari kuma, wannan yayin na sa ma babur ƙatuwar taya don a yi kama da na fim, a yi hattara. Jantin da aka yi don inci uku in aka matsa masa mai faɗi sosai, tayar takan tattare ta yi tsini, wurin da ke taɓa ƙasa bai ƙaru ba, ga ta tana gugar sarƙa, ga shan mai.

Yanzu mu koma ga raƙumi. Duk ɗan ƙauye ya san in za a shiga rairayi mai zurfi ana rage iska, tayar ta baje, babur ya daina nutsewa. Dabarar daidai ce, ita ce ta Kégresse, ita ce ta tafin raƙumi. Inda ake samun matsala shi ne a fito gudron da kaya a ci gaba da gudu a haka. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar na haifar da zafi, zafin ya haɗu da na kwalta. In an faɗa rami janti ya cije tub, wanda wasunmu ke ce ma shambur, ya yi masa huda biyu kamar saran maciji. Wani lokaci tayar ta zame a kan janti ta tsinke bakin da ake ba da iska, iskar ta fice gaba ɗaya a lokaci guda. Yawancin baburan 125 suna son wajen kilo 1,75 a gaba, 2 zuwa 2,25 a baya in da kaya, kuma ainihin adadin yana manne a jikin babur kusa da sarƙa ko cikin ɗan littafinsa. Da safe ake aunawa, kafin taya ta yi zafi. Matsa taya da babban yatsa ko buga ta da ƙafa ba awo ba ne. Masu faci da ke da abin awo, Allah ya ƙara musu kasuwa, waɗanda ba su da shi kuma ƴan tasha su haɗa kuɗi su saya musu, bai kai kuɗin tub biyu ba.

Sabbin babura masu jantin alminiyom suna zuwa da taya marar tub, an rubuta mata TL ko Tubeless. Amfaninta a ƙasar ƙaya babba ne: in ƙaya ko ƙusa ta shige ta, iskar a hankali take fita, sau da yawa mutum ya kai gari. Amma in jantinka mai wayoyi ne, iska za ta bi ramukan wayoyin ta fice, dole ka sa tub ko da tayar TL ce. Kuma jantin alminiyom in ya daki dutse a laterit yakan tsage, na ƙarfe kuwa lanƙwashewa yake, makaniki ya buga ya miƙe. Sabuwar taya kuma a sa mata sabon tub. Tsohon da ya sha faci bakwai ya riga ya saki, zai naɗe a ciki ya ci kansa.

Yaushe ake cewa taya ta gama? A cikin ramukan zanen akwai ɗan tudu da masu ƙira suka bari, ana nuna wurinsa da harufan TWI ko ɗan alama mai kusurwa uku a gefe. In saman tayar ya zo daidai da tudun nan, ta ƙare. A Faransa doka ta ce zanen tayar babur kada ya gaza milimita ɗaya. A nan kuwa sai mun ga zare ya leƙo, wani ma ya yanko tsohuwar taya ya shimfiɗa a ciki ya ce ta ƙara wata guda.

Kuma ko ta sauka daga babur, a ƙasar nan taya ba ta ritaya. Tsohon tub shi ake yankawa a yi robar ɗaure kaya, yara su yi danƙon harbin tsuntsu a gonar hatsi. Na kamyo shi ya kori wasakin fata a bakin rijiyoyinmu, yau gugan da ake ja a rijiyoyin Mayahi masu zurfi galibi na roba ne. Tayar mota ta zama takalmin manomi da makiyayi, wanda ƙayar aduwa ba ta hudawa, ko ta koma ƙafar amalanke ta ƙara wasu shekaru tana bin shanu. Abu guda da za a kiyaye shi ne barin ta a bayan gida da damina: ruwa na kwanciya a cikinta, sauro ya yi ƙwai, kuma cikin kwana goma ya ƙyanƙyashe ya shigo ɗaki.